Rajistar aiki: ta wace hanya manhajojin makaranta za su riƙa aika imel

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Manhajoji uku ne a hannunmu da ke aika imel, duk na wata makaranta mai zaman kanta ce a nan Kano, kuma kowacce da hanyar da take bi. Babbar ita ce shafin iyaye, an gina ta da Laravel, wani tsarin rubuta manhaja da yaren PHP, tana aika rasit na kuɗin makaranta, sanarwar fitowar sakamako, da mahaɗin sauya kalmar sirri. Ta biyu tsohuwar manhajar albashin malamai ce, PHP zalla, gadonta muka yi daga wanda ya rubuta ta. Ta uku shafin makarantar ne na WordPress, mai fom ɗin neman gurbi.

Yadda abin yake a yau, shafin iyaye yana shiga wani asusun Gmail na kyauta ne ya aika ta can, da kalmar sirrin manhaja mai haruffa 16 ɗin nan, tunda Google ta rufe shiga da kalmar sirri ta yau da kullum ga irin waɗannan asusu tun Mayun 2022. Sauran biyun kuwa miƙa saƙo kawai suke yi ga sabar da muke haya, ita kuma ta harba shi duniya, ya isa ko bai isa ba oho.

Abin da ya tayar da wannan aiki ranar sakamakon zangon farko ce. Asusun Gmail na kyauta ba ya wuce mutum 500 a rana, dokarsu ce a rubuce, iyayen makarantar kuma sun fi haka nesa. Da aka kai iyaka aka tsayar da aikawa har washegari. Sanarwar sakamako ta maƙale, wannan da sauƙi. Abin da ya fi ciwo shi ne iyayen da suka manta kalmar sirri suna ta danna "sauya" babu abin da ke zuwa, don ta wannan asusun ɗaya komai ke fita. Hajiya mai makarantar ba ta yi doguwar magana ba: "Malam, zango na biyu zai ƙare kafin azumi. Kada in sake jin wannan."

To, wa'adinmu ƙarshen Fabrairu ke nan. Hanyoyin da ke gabanmu: mu kafa sabar imel tamu, ko mu koma asusun Google na kuɗi wanda ke ba da 2,000 a rana, ko mu bi ta kamfanonin da aika saƙon manhajoji ne sana'arsu.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na fara da batun saba tamu, don shi ne ya fi jan hankalin kowane mai wannan sana'a. Girka Postfix, manhajar da ke mayar da kwamfuta sabar imel, ba wani abu ba ne, kafin a sha shayi an gama. Manhaja ce da ta daɗe tana aiki, tun 1998 Wietse Venema ya fitar da ita, kuma har yau ita ke riƙe da sabobi masu tarin yawa. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Da farko dai ƙofa ta 25, wadda sabobin imel ke magana da juna ta cikinta, a kulle take a yawancin wuraren hayar saba. Google Cloud ba ya buɗe ta zuwa waje, AWS kuwa sai ka cika fom ka roƙa. Namu masu hayar ma a kulle take a sabbin sabobi. Ko an buɗe maka, sai batun adireshin IP. Na duba namu a jerin adireshin masu saƙon banza na Spamhaus da wasu irinsa, shi kansa fes yake, amma ba mu san wa ya riƙe shi kafin mu ba, ba mu kuma da iko da maƙwabtanmu na rukunin adireshi ɗaya. Ga rikod ɗin PTR da dole ya mayar da adireshin ga sunan sabar, shi ma sai mai haya ya saita.

Ka ce duk an yi wannan. Sabon adireshin da bai taɓa aika komai ba, rana ɗaya ya tashi ya zuba saƙonni fiye da dubu a Gmail, sannan ya yi shiru na wata uku, wannan ita ce ainihin kamar mai aika saƙon banza. Mu kuma haka aikinmu yake: shiru, shiru, sai ranar sakamako. Kamar baƙon falke ne da ya sauka kasuwa ba shi da maigidan da zai tsaya masa, kayansa na iya zama masu kyau amma ba wanda zai taya. Kamfanonin aika saƙo maigidan nan suke sayarwa, wato adireshin da ke aikawa kullum, wanda manyan masu karɓa suka riga suka sani.

Na soke wannan hanya. Postfix dai ban sallame shi ba, ina ganin yana da wani aikin a nan gaba.

Talata, 21 ga Janairu

Asusun Google na kuɗi ma na ajiye shi gefe. Adadin zai ishe mu bana, amma an yi shi ne don mutane su rubuta wa juna wasiƙa. Idan saƙo ya dawo, cikin akwati yake faɗawa, sai wani ya zauna ya karanta, manhaja ba ta san an yi ba.

Saura kamfanonin. Brevo, wanda da ake kira Sendinblue, yana ba da 300 kyauta a rana, wanda ya isa ranakun yau da kullum amma ba zai ɗauki ranar sakamako ba. Postmark ya burge ni da abu ɗaya: yana raba saƙonnin hidima irin su rasit da kalmar sirri daga saƙonnin sanarwa na jama'a, kowanne da hanyarsa. Ko ba mu ɗauke shi ba, wannan dabarar zan kwaikaya. Shi da SendGrid da Mailgun duk tsarin biyan wata-wata ne idan ka wuce ɗan abin gwaji, kuma makarantar da ke aika da yawa sau uku kacal a shekara za ta riƙa biyan watannin da ba ta mora ba.

Amazon SES shi ne mai biyan iya abin da ka aika: senti 10 kan kowane saƙo dubu. Da dala a wajen naira 1,500 a farkon 2025, kusan naira 150 ke nan a kan dubu.  Arahar tana da dalili, don kusan komai kai za ka haɗa da hannunka: rahoton saƙon da ya dawo, jerin adireshin da za a daina aika wa, duk aikinka ne. Kuma sabon asusu a matakin gwaji yake farawa, saƙo 200 a awa 24, ɗaya a kowace daƙiƙa, kuma sai ga adireshin da ka tabbatar naka ne, har sai ka rubuta musu bayani sun yarda.

Biya da dala shi ne ɗan ƙaramin ciwon kai, tunda a farkon 2025 katunan naira sun daɗe ba sa wucewa a irin waɗannan shafuka. Akantan makarantar ya ce akwai asusun dala da katinsa. Na ce a buɗe asusun SES ɗin da sunan makarantar, da katinta, ba da nawa ba. Ranar da muka rabu da su, kayansu na hannunsu.

Asabar, 25 ga Janairu

Yau gardama muka sha da abokin aikina, kuma ta yi amfani.

Shi yana son kowace manhaja ta yi magana da SES ta API, wato hanyar da kamfanin ya tsara don manhajoji su yi masa magana kai tsaye. Hujjarsa mai ƙarfi ce: API ta ƙofa ta 443 yake bi kamar kowane shafin intanet, ba mai hayar sabar da zai kulle ta. Nan take kake samun lambar shaidar saƙon, kuskure kuma yana zuwa a fayyace.

Ni kuma SMTP nake so, yaren da sabobin imel suka saba miƙa wa juna saƙo da shi. Tsoho ne, tun 1981 Jon Postel ya rubuta ƙa'idarsa ta farko, amma kowane kamfani a duniya yana jin yarensa. Abu huɗu ne kawai: sunan saba, lambar ƙofa, sunan shiga, kalmar sirri. Idan gobe an rufe mana asusu, ko farashi ya tashi, ko katin dala ya ƙi, layi huɗu za mu canja mu koma wani wuri kafin la'asar. API kuwa kowane kamfani da nasa, sauya shi sauya rubutun manhaja ne. A Laravel wannan ba matsala ba ce sosai, don yana da direbobi na kamfanoni da dama. Amma tsohuwar manhajar albashi fa? Ba na son taɓa cikinta fiye da ƙima. WordPress kuma sai an ƙara masa wani kari da za a riƙa sabuntawa har abada. Batun kulle ƙofa ma SES ya tanada: ban da 587 da 465, yana saurare a 2587 da 2465.

Sai can muka gane cewa tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce wa ke riƙe saƙo idan hanya ta yanke. A yanzu, uba ya biya kuɗi, shafin ya tsaya yana jiran sabar imel ta amsa kafin ya nuna masa "an karɓa". Idan ta yi jinkiri, yana ganin shafi na juyawa, ya sake dannawa. Idan ta ƙi, rasit ya ɓace ke nan, ba wanda zai sake gwadawa. API ko SMTP, duk ɗaya ne a nan.

Ga abin da muka tsayar. Babu manhajar da za ta aika imel yayin da mutum ke jira. Laravel yana da layin ayyuka nasa, zai rubuta saƙon a rumbun bayanai, wani ma'aikaci a bayan fage ya ɗauka ya miƙa wa SES ta SMTP, in ya ƙi ya sake gwadawa. Sauran biyun za su ci gaba da miƙa wa sabar kamar yadda suka saba, sai dai yanzu Postfix ne zai karɓa, ba ya sauraron kowa sai cikin gida, ba ya kuma kai wa kowa sai SES ta ƙofa ta 587. Shi ne layinsu. Yana riƙe saƙo har kwana 5 yana gwadawa idan ba a canja saitinsa ba.

Abokina ya kafa sharaɗi ɗaya, na kuma yarda: layi biyu a Laravel. Mahaɗin kalmar sirri minti 60 yake yi ya mutu, bai kamata ya tsaya bayan sanarwa dubu ba.

Talata, 4 ga Fabrairu

Makon nan duk a DNS ya tafi, wato rajistar intanet da ake rubuta bayanan domen, sunan makarantar da ke bayan @ a adireshin imel.

Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara. Duk mai aikawa sai da SPF, wato jerin sabobin da aka yarda su aika da sunan domen, ko DKIM, wato sa hannun domen a kan saƙo. Mai aika 5,000 a rana zuwa Gmail kuwa sai da duka biyun, da DMARC, wanda ke faɗin abin da za a yi da saƙon da ya faɗi duka biyun, da hanyar ficewa daga jerin sanarwa da dannawa ɗaya, kuma ƙorafin masu karɓa kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari. Ba mu kai 5,000 ba, amma na ɗauki dokar manya na ɗora mana, don abin da ake nema daga manya yau shi ake nema daga kowa gobe.

DKIM ya zo da sauƙi: SES ya ba da rikod ɗin CNAME uku, aka liƙa, ya tabbatar. Daga nan kowane saƙo yana fita da sa hannun domen ɗin makarantar. SPF ne ya ɗan ja. Da na buɗe DNS ɗin makarantar sai na tarar da rikod ɗin SPF guda biyu, ɗaya na masu hayar akwatunan ma'aikata, ɗaya kuma na wani kamfanin da ba wanda ya tuna lokacin da aka yi hulɗa da shi. Ƙa'ida ɗaya tak ta yarda da shi, biyu kuwa kuskure ne da ke rushe duka. Wato shekara da shekaru ko wasiƙun shugaban makarantar ba sa cin wannan jarrabawar. Na goge na biyun. Mai gyara irin wannan ya tuna cewa SPF ba ya yarda a wuce tambayar DNS 10, kuma kowane "include" yana cin nasa kason.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: idan ka bar SES yadda ya zo, adireshin ambulan, wanda sabobi ke gani, na amazonses.com ne. SPF zai ci, amma da sunan Amazon, DMARC kuma yana son ya dace da sunan da mai karatu ke gani. DKIM kaɗai ya isa a wuce, amma na fi son ƙafa biyu, don haka na saita adireshin ambulan a ƙarƙashin domen ɗinmu, da MX ɗinsa da SPF ɗinsa.

Na kuma raba reshe biyu a ƙarƙashin domen ɗin: ɗaya na rasit, albashi da kalmar sirri, ɗaya na sanarwa. Idan iyaye suka gaji da sanarwar ranar wasanni suka fara jefa ta kwandon banza, kada sunan rasit ya ɓaci tare da ita. DMARC na sa shi a "p=none" tukuna, wato a kawo mana rahoto amma kada a hukunta kowa.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

SES ya fitar da mu daga matakin gwaji. A takardar neman na faɗi su wa muke aika wa, yadda muka sami adireshinsu, da abin da za mu yi da wanda ya dawo. Adadin da suka ba mu a rana ya fi buƙatarmu, amma akwai iyaka a kowace daƙiƙa, don haka na rage wa layin sanarwa gudu.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Gwajin takardar albashi ya fito da abin dariya. Taken da ya kamata ya ce "Albashin ƙarshen wata" ya iso da "Æ™arshen". Sunan wata malama mai ɗ a ciki ya koma "É—". Ba laifin hanya ba ne. Tsohuwar manhajar da PHPMailer take haɗa saƙo, shi kuma idan ba ka ce masa komai ba ISO-8859-1 yake ɗauka, tsarin da bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. A UTF-8 kowannensu bayit biyu ne, sai a karanta su a matsayin haruffa biyu na Turawan Yamma. Layi ɗaya ya gyara shi, aka ce masa UTF-8, shi kuma ya naɗe taken yadda ƙa'idar 1996 ta tanada don haruffan da ba na Ingilishi ba. Ashe shi ya sa tsohon akanta ya riƙa rubuta komai ba ƙugiya.

Hajiya ta tambaya ko za a haɗa da tes na waya. Za a iya, amma ƙugiyar nan a can kuɗi ce: tes ɗaya haruffa 160 ne, da zarar ƙ ɗaya ta shiga sai ya koma 70. Wannan aikin wani lokaci ne.

Na kuma girka Mailpit a kwamfutocinmu. Duk saƙon gwaji a nan yake tsayawa, ba ya fita ko'ina.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Wannan ne sashen da na fi jin tsoro, kuma shi ya fi cin lokaci: saƙon da ya dawo.

SES ba ya wasa da shi. Idan kashi 5 cikin ɗari na saƙonninka suna dawowa, asusunka ya shiga bincike, a kashi 10 ana iya dakatar da kai. Ƙorafi kuwa kashi 0.1 ya isa a fara dubanka. Jerin adireshin makarantar kuma daga fom ɗin takarda aka kwafe shi, da biro, wani a kan gwiwa ya cika. Kafin mu aika komai na tace shi: "gmail.con", "gmial.com", adireshi mai sarari a tsakiya, da wanda aka rubuta lambar waya a gurbinsa. Waɗannan na ware su na ba ofis su kira iyayen.

Sannan muka haɗa rahoton. SES yana tura labarin kowane saƙon da ya dawo ta SNS, hanyar sanarwa ta Amazon, zuwa wani adireshi a shafin iyaye, shi kuma ya yi wa adireshin alama. Akwai adireshin gwaji da suka tanada da ke dawo da saƙo da gangan, da shi muka tabbatar igiyar ta haɗu. A nan ne hujjar abokina ta dawo: saƙon da ya bi ta Postfix, manhajar ba ta ganin lambar da SES ya ba shi. Maganinsa, muna liƙa tamu lambar a kan saƙon, muka kuma ce rahoton ya riƙa dawowa da kanun asali.

Ranar Alhamis muka aika gajeriyar sanarwa rukuni-rukuni don mu ga abin da zai faru. Masu lambar 550 5.1.1, wato babu wannan adireshin, an rufe su nan take. Waɗanda suka ba ni mamaki su ne masu cewa akwati ya cika. Da na bi diddigi sai na gane: Google 15GB yake bayarwa kyauta, kuma tun farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android a cikin wannan kason take zama. Uba yana cikin guruf goma, bidiyon wa'azi da na biki suna ta sauka, ajiya ta cika, imel ya daina shiga, shi bai ma sani ba. Irin waɗannan ba a rufe su, ana jinkirta musu ne, in abin ya nace ofis ya kira.

Akwai kuma waɗanda saƙo ke shiga lafiya amma ba mai buɗewa. Wani uba ya zo ofis, aka tambaye shi adireshinsa, ya ce, "Wallahi yaron da ya saita min wayar a Farm Centre ne ya buɗe, ban taɓa shiga ba." Babu saitin DNS da zai gyara wannan.

Shi ya sa na dage kan cewa ba za a liƙa sakamako a jikin imel ba. Sanarwa kawai da mahaɗi, sai ka shiga da kalmar sirri ka gani. Adireshi ɗaya da aka kwafa ba daidai ba ya isa ya kai makin yaro da sunansa hannun baƙo, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. Ƙari a kan haka, fayil yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka naɗe shi cikin imel.

Talata, 4 ga Maris

Sakamako ya fita jiya da hantsi. Layin sanarwa ya kwashe nasa a hankali, layin kalmar sirri kuma bai taɓa taruwa ba duk da ruwan masu mantuwa. An sami ɗan lokaci da SES ya amsa da 454, wato mun wuce gudun da aka yarda, don takardun albashin Fabrairu sun fito ta Postfix a daidai lokacin. Duka layukan sun jira sun sake gwadawa da kansu. Na sa wa Postfix ɗan jinkiri tsakanin saƙo da saƙo.

Talata, 11 ga Maris

Makaranta na hutun azumi, sai na zauna da rahotannin DMARC. Kullum suke zuwa, fayilolin XML daga Google da Yahoo da Microsoft, kowanne yana lissafa adireshin da ya aika da sunanmu da yadda ya kaya. Namu na SES duk sun wuce. Wasu sun faɗi SPF amma sun ci DKIM, waɗannan iyaye ne masu tura imel ɗin ofis zuwa Gmail, kuma daidai ne. Akwai wasu adireshi na ƙasashen waje da ba mu san su ba, sun faɗi duka biyun, su ne dalilin da za mu tsaurara. Sai guda ɗaya na cikin gida: na'urar hoton takardu ta ofishin akanta, wadda ke aika sikan da sunan makarantar ta wata hanya daban. Da mun yi gaggawar sa "p=reject", wato a ƙi karɓar duk saƙon da ya faɗi, da mun kashe ta ba mu sani ba.

Gmail ba ya turo ƙorafi ɗaya-ɗaya kamar wasu, don haka na yi wa rassan biyu rajista a shafinsa na rahoto, Postmaster Tools, ko da yake ba ya nuna komai sai ranar da aka aika da yawa.

Abin da ya rage kafin a dawo hutu: a ba na'urar akanta nata sunan shiga a SES, a ƙara maɓallin ficewa da dannawa ɗaya a reshen sanarwa, sannan a matsar da DMARC zuwa "quarantine", wato a jefa saƙon da ya faɗi kwandon banza, a ga mako biyu. Abokina zai buɗe asusun ko-ta-kwana a wani kamfanin, a saita DKIM ɗinsa tun yanzu, mu gwada canja layukan saitin SMTP ɗin nan huɗu ranar Asabar bayan sallar asuba, lokacin da ba kowa a shafin.